Thatcher da Blair: yadda muke auna su mu da ke zaune a Ingila

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Laraba, aikin dare ne ya riƙe ni a asibiti kwana uku a jere shi yasa sai yau Lahadi na samu zama. Tambayar taka bata amsuwa da layi biyu, kuma ba kai ka fara yi min ita ba, duk zuwan da zan yi Kano sai wani ya tare ni da ita, dan haka nace bari in rubuta a fili kowa ya gani. Kace kana mamakin yadda mu Hausawan Ingila har yanzu muke gardama akan tsofaffin firaministocin Birtaniya Margaret Thatcher da Tony Blair alhali ɗaya ta mutu tun 2013 ɗayan kuma ya sauka tun 2007, kace a wajenku magana a fili take, Thatcher jaruma ce irin wadda Najeriya ke buƙata, Blair kuma shi ya taya Bush rusa Iraƙi, toh me yasa yawancinmu jam'iyyarsa ta Leba muke zaɓa. Har ka haɗa min da cewa ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ya kamata ni in fi kowa son Thatcher.

Bari in fara da abinda da yawa a gida basu sani ba. Mu nan muna zaɓe. Ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru in dai yana zaune bisa ƙa'ida yana da ƙuri'a ko bai da fasfon Birtaniya, saboda ƙasashenmu suna cikin Kwamanwel. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da muke sallah sahu ɗaya dasu su basu da wannan damar sai sun zama 'yan ƙasa. Kuma ba firaminista ake dangwalawa kai tsaye ba, ɗan majalisar mazaɓarka kake zaɓa, ranar Alhamis, da fensir, jam'iyyar da ta fi kujeru shugabanta ya hau. Toh kaga mu siyasar nan ba kallon ƙwallo muke mata ba, tana shigo mana cikin kuɗin haya da takardun zama da albashi da makarantar yara, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda zaka ji gardamar da kyau shi ne wajen suna. Mu nan Manchesta ba a yin suna a tsakar gida dan gidajen ƙanana ne ga maƙwabta, zaure ake kamawa haya ranar Asabar ko Lahadi ko da kwana bakwan ya faɗo tsakiyar sati, kowacce mace ta zo da kularta, wannan masa wannan tuwon shinkafa wannan dambun nama, mutane su taso daga Lidis da Libaful da Bamingam. Da an ci an ƙoshi sai a ɓarke da siyasa, ta gida tukuna, sannan ta nan. Kuma na lura in ka san shekarar da mutum ya sauka ƙasar nan kusan ka san abinda zai ce.

Akwai wani dattijo ɗan Zariya da ya zo karatu tun kafin Thatcher ta hau a 1979, ya zauna, ya yi aikin bas har ya yi ritaya. Shi baya yarda a zagi matar nan a gabansa. Dalilinsa ɗaya ne, gida. A 1980 gwamnatinta ta yi dokar da ta ba wanda ke haya a gidan kansul, wato gidan da ƙaramar hukuma ke ba da haya, damar ya saye gidan da rangwame, daga kashi 33 cikin 100 har zuwa rabin kuɗin gwargwadon daɗewarka a ciki. Shi ya saya, a ciki ya aurar da 'ya'yansa, yanzu gidan ya ninka kuɗinsa ban san sau nawa ba, kullum cewa yake baƙar fata direban bas ya mallaki gida a Ingila, wa ya yi masa in ba ita ba. Kuma gaskiyarsa ce, iyalai sama da miliyan ɗaya suka sayi gida ta wannan hanyar kafin ta sauka. Amma da ya gama sai wata ƙawata ta karɓe, ita ta shekara da shekaru sunanta na cikin layin jiran gidan kansul da yara huɗu a ɗaki biyu, tace Baba ai gidan da ka saya shi ne wanda ya kamata in shiga. Domin an sayar ba a mayar da gurbinsu ba, an ɗaure wa kansuloli hannu akan kashe kuɗin cinikin wajen gina sababbi, da yawa daga gidajen nan kuma yanzu suna hannun masu ba da haya, sai kaga gidan da gwamnati ta gina dan talaka shi talakan yake kamawa da rabin albashinsa. Su biyun suna da gaskiya kuma kowa a zauren ya san haka, shi yasa bata ƙarewa.

Ni abinda ya fi tsaya min a zamaninta maganar takardu ce. Kasan har gobe ana kirana daga gida ana cewa Gwaggo ki taimaka matata ta zo ta haihu a can yaro ya samu fasfo. Wannan ƙofar Thatcher ta rufe ta. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1983 ita tace haihuwa a ƙasar kaɗai bata isa ba, sai uwa ko uba ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin. Na san gidan da wa aka haife shi 1982 ɗan Birtaniya ne tun ranar suna, ƙanensa da ya zo bayan shekara biyu a asibiti ɗaya sai da aka yi ta cike-cike. Har yau akwai yaranmu da aka haifa nan, basu san ko'ina ba sai nan, Hausarsu ma a karye take, amma sai sun cika shekara 10 ko iyayen sun samu zaman dindindin kafin a yi musu rajista, a biya kuɗi mai tsoka kan kowane yaro. A 1980 kuma ta janye tallafin da ake yi wa ɗaliban ƙasashen waje tace su biya cikakken kuɗin karatu, alhali ɗaliban Najeriya na cikin waɗanda suka fi yawa a lokacin, dattawanmu suna ba da labarin waɗanda suka tattara suka koma ba digiri dan kuɗin sikolashif ya kasa. Biza ma da kuke wahalar nema yanzu, a 1986 gwamnatinta ta sanar da ɗora ta akan Najeriya da Gana da Indiya da Pakistan da Bangaladash, kafin nan da fasfonka kawai zaka hau jirgi a Kano sai a filin jirgi a yi maka tambayoyi.

Jarumtar da kake faɗa ban musa ba. 'Yar mai kanti ce daga wani ƙaramin gari Grantham, ta zama mace ta farko da ta yi firaminista a ƙasar, ta ci zaɓe uku, 1979 da 1983 da 1987, ta tura jiragen ruwa har tsibiran Falkland a 1982 ta karɓe su daga Ajantina, bam ya tashi a otal ɗin da take a Brighton a 1984 da safe ta fito ta ci gaba da taron jam'iyya. Ta sami ƙasa yajin aiki ya gurgunta ta, hauhawar farashi ya haura kashi 20 a 1980, ta sauko da shi. Ta sayar da kamfanin tarho da na gas da na jirgin sama da na ruwa. Amma ka tambayi wa ya biya kuɗin wannan gyaran. Marasa aiki sun haura miliyan 3 a 1982. A 1981 matasa sun yi bore a Brixton da Toxteth da nan Moss Side inda muke zuwa cefanen kayan miyarmu. Ni nas ce a ɓangaren masu ciwon ƙirji, na yi jinyar tsofaffin mahaƙa kwal da yawa daga wajen Wigan da Leigh, huhu ya cika da ƙura numfashi da ƙyar, amma in aka ambaci sunanta sai kaga tsoho ya yunƙura zai tashi zaune. Yajin aikinsu na 1984 zuwa 1985 shekara guda cur suka yi ba albashi, ta karya su, daga baya aka bi ramukan kwal ana rufewa, garuruwan nan har yau basu miƙe ba. Ranar jana'izarta a Afrilu 2013 a wani gari Goldthorpe mutum-mutuminta suka ƙona. Ni ban ji daɗin haka ba dan mu ba a yi mana tarbiyyar murna da mutuwa ba, amma na gane daga inda zafin ya fito. Maganar ciwon 'ya mace kuwa, shekara 11 tana mulki mace ɗaya tak ta taɓa sakawa a majalisar ministocinta.

Ka tambayi babanka zai tuna zuwanta Kano a Janairu 1988 zamanin Babangida, aka yi mata hawan daba, ina 'yar sakandare lokacin gari ya cika maƙil. Abinda bamu gane ba muna yara shi ne a wannan tafiyar har da masu zanga-zanga suka tarbe ta a Najeriya, saboda ita ce ta tsaya kai da fata ba za a ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi mai ƙarfi ba, abinda yasa Najeriya da ƙasashe da dama suka ƙaurace wa wasannin Kwamanwel na Edinbara a 1986. A ɗaya hannun a zamaninta aka zauna a Lancaster House a 1979 har Zimbabuwe ta samu 'yanci a 1980, wannan a rubuta mata. Zancen Umaru Dikko da aka samu cikin akwati a filin jirgin Stansted a 1984 kuwa kun fi ni saninsa.

Toh yanzu Blair, nan ne bakina yake nauyi dan ni ta ƙofarsa na shigo. A 2002 na zo, lokacin gwamnatinsa na zuba kuɗi a NHS, wato hukumar asibitocin gwamnati, ana neman nas da likita ido rufe. Na fara da wani gidan kula da tsofaffi inda na yi watannin gwaji kafin a bani lasisi, mai gidan ya ci guminmu sosai, aikin nas muke yi ana biyanmu kuɗin mai taimako, amma akwai inda bai isa ya sauko ƙasa da shi ba saboda dokar mafi ƙarancin albashi da Blair ya kawo a Afrilu 1999, fam 3.60 a awa lokacin da ta fara. Kai zaka ga kamar ƙaramin abu ne. Ka tambayi ɗan uwanmu mai gadi ko mai shara a ofis ko mai wanke-wanke a otal da ya yi aiki kafin 1999, zai gaya maka mai aiki abinda ya ga dama yake bayarwa musamman in ya ga kai baƙo ne. Jam'iyyar Thatcher ta yaƙi dokar nan tace zata kashe ayyuka, daga baya da suka dawo mulki basu taɓa ta ba sai ma ƙari. A asibiti da idona na ga canjin, mutanen da a da sai su shekara da rabi suna jiran tiyata aka sa ƙa'idar sati 18, a ɗakin gaggawa aka sa awa 4. Cibiyoyin Sure Start na masu jego da ƙananan yara, a nan na samu mai nuna min hanya lokacin da na haifi 'yar fari ba uwa ba kaka a kusa ga sanyi ga kaɗaici, wallahi bazan manta ba. A 1998 aka fara ba makarantun Musulmi kuɗin gwamnati kamar yadda aka daɗe ana ba na coci da na Yahudawa. A shekarar dai aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Ireland ta Arewa, rikicin da ya ci mutum sama da 3,500. A Saliyo ya tura soja a 2000, abokan aikina 'yan can har yau da mutunci suke kiran sunansa. Ku ma a gida ya taɓa ku, yafe bashin da ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris Club ta yi wa Najeriya a 2005 zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala, dala biliyan 18 aka yafe muka biya kusan 12, Birtaniya ce mai bin kaso mafi tsoka kuma gwamnatinsa ta tura maganar a shekarar da ya karɓi taron manyan ƙasashe na G8 a Gleneagles.

Duk wannan na lissafa maka ne dan ka san ba da ƙiyayya nake magana ba in na zo Iraƙi. Ranar Asabar 15 ga Fabrairu 2003 ina cikin waɗanda suka hau bas tun asuba daga Manchesta zuwa Landan, ban cika shekara a ƙasar ba, sanyi kamar zai tsaga ƙashi, ban taɓa ganin taron mutane haka ba, Turawa tsofaffi da sanda, limaman coci, 'yan Pakistan, Larabawa, mu. 'Yan sanda suka ce mutum 750,000, masu shiryawa suka ce miliyan 2. Na koma gida ina cewa ba yadda za ayi shugaba ya ga wannan ya ƙi ji. Wata ɗaya da 'yan kwanaki aka fara ruwan bama-bamai a Bagadaza. Ministansa Robin Cook ya ajiye aiki, 'yan majalisarsa 139 suka bijire masa, bai fasa ba. Yace Saddam na da makaman ƙare dangi da zai iya harbawa cikin minti 45, aka shiga aka bincike ƙasar ba a samu ba. Har ƙasar 'yan uwanmu aka jawo cikin zancen, takardar da gwamnatinsa ta fitar a Satumba 2002 tace Saddam na neman yuraniyom daga Afirka, Nijar ake nufi, sai ga hukumar nukiliya ta duniya a Maris 2003 tace takardun cinikin da aka kai mata na jabu ne. Sojan Birtaniya 179 suka mutu, 'yan Iraƙi kuwa dubu ɗaruruwa, kuma daga wannan ɓaraguzan ISIS ta tsiro. Kwamitin Chilcot da ya binciki yaƙin ya fitar da rahoto a 2016 yace an tafi yaƙi tun ba a ƙure hanyoyin lumana ba.

Mu kuma nan muka kwashi namu kason. Bayan harin 7 ga Yuli 2005 da ya kashe mutum 52 a Landan, wanda duk mai imani ya la'anta, fita da hijabi ta zama abin fargaba, wasu sun tofa min yawu a tashar bas ina sanye da kayan aiki zan je jinyar iyayensu. Gwamnatinsa ta nemi a riƙa tsare wanda ake zargi kwana 90 ba tuhuma, majalisa ta kayar da shi aka tsaya a 28. Masallatai suka koma kowa na taka-tsantsan da bakinsa. Ƙofar da ya buɗe mana ma a 2006 ya fara turo ta, aka canza wa likitocin da ba 'yan Turai ba ƙa'idar samun gurbin horo dare ɗaya, na san waɗanda suka ci jarabawa suka kashe duk abinda suka tara suka koma gida hannu rabbana. Gidajen kansul ɗin da nake kuka dasu shima bai gina ba, a shekara 10 ɗinsa kuɗin gida ya kusa ninkawa uku, kuma shi ya fara sa wa 'yan ƙasa kuɗin jami'a a 1998. Shi yasa wasu dattawan Leba suke cewa ai ɗan Thatcher ne a siyasa, abinda ta sayar bai dawo da shi ba, ƙungiyoyin ƙwadago da ta ɗaure bai kwance su ba.

Toh ka tambaye ni me yasa muke zaɓen Leba. Na farko ba kullum ba. A 2005 ni da kusan duk matan da muke karatun Asabar tare mun juya musu baya, mazaɓar Withington nan Manchesta da take hannunsu ta faɗa hannun jam'iyyar Liberal Democrat, rinjayen Blair a majalisa ya faɗo daga sama da 160 zuwa 66, da gangan muka yi kuma ban yi nadama ba. Na biyu, in mun koma musu ba shi muke komawa ba, asibitin da muke aiki da albashin mai gadi da makarantar yara muke dubawa. Akwai kuma 'yan kasuwarmu da wasu likitoci masu ɗaukar albashi mai kauri da suke zaɓen jam'iyyar Thatcher saboda haraji, muna cin tuwo kwano ɗaya dasu ba wanda ya fasa gaida wani.

In ka matsa min sai na faɗi nawa, ga shi. A cikin gida Blair ya fi ta tausayin mai ƙaramin ƙarfi nesa ba kusa ba, ni shaida ce, 'ya'yana shaida ne. Thatcher ta gyara wa masu hali ƙasa ta bar garuruwa da yawa a kwance, kuma ita ta fara gina katangar takardun da muke ta haurawa har yau, sai dai bata taɓa ɓoye abinda zata yi ba, ta faɗa ta aikata. Shi kuwa ya kalli idonmu ya faɗi abinda ba haka yake ba aka zubar da jinin da ba zai ƙirgu ba, kuma har yau cewa yake shawarar da ya yanke daidai ce. Na ci alherinsa bazan musa ba, amma lokacin da Sarauniya ta bashi sarautar Sir a farkon 2022 ina cikin mutum sama da miliyan ɗaya da suka sa hannu a ƙwace ta. Ita bazan zage ta ba tunda ta riga mu, amma bazan yi wa Najeriya fatan irinta ba sai in an fara nuna min inda za a kai waɗanda gyaran zai murƙushe, dan nan da ta yi nata akwai asibiti kyauta da ɗan kuɗin da ake ba marar aiki duk sati, a hakan ma kaga yadda aka ji jiki.

Wani abu da ya kamata ka saka a rubutun naka tunda kace na makaranta ne, duk su biyun ba wanda ya faɗi babban zaɓe yana shugaban jam'iyya, kowanne uku ya ci, 'yan gidansu ne suka sauke su. Ita harajin kai da ta ƙaƙaba, wanda attajiri da mai shara zasu biya daidai wa daida, shi ya jawo bore a Landan a Maris 1990, ga rigimar jam'iyyarta akan dangantaka da Turai, zuwa Nuwamba ministocinta suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka gaya mata bazata kai ba, ta fita daga gidan firaminista na Downing Street da hawaye. Shi kuma mutanen ministan kuɗinsa Gordon Brown suka yi ta matsa masa har ya miƙa a Yuni 2007. Dattijon nan ɗan Zariya yana nan da ransa, in kana so in haɗa ku a waya ya baka nasa ɓangaren da bakinsa dan zai ce na rage wa matar mudu. Ka gaida babanka da mamanka, kace mata saƙon kuka da daddawa ya iso lafiya.